Madan darakta da take ganin ba ta isa ba: abin da ya faru a wata lakwal cikin Adar

Maganar wata malama ce da na yi aiki da ita lokacin da nike kwanseye, wato mai zagaya lakwal yana duba aikin malamai yana ba su shawara, a wani sashe na jihar Tawa. Ba zan faɗi sunanta ba ko na garin, ita ta roƙe ni haka, kuma duk wanda ya yi aikin lakwal cikin Adar ya san irinta da yawa. Kullum in munka zauna maganarmu ita ce rashin aji, rashin teburi, kuɗin ƴan kwantiragi da ba ya zuwa kan lokaci, duk gaskiya ne, amma akwai wata ɓarna da ba mu cika faɗi ba: mutanen da sunka iya aiki suna gudun shugabanci don suna ganin ba su kai ba, sai kujerar ta faɗa hannun wanda bai taɓa shakkar kanshi ba ko sau ɗaya, kuma ba dole ne shi ya fi iyawa ba.

Ita dai da BEPC, takardar gama kwaleji, ta tsaya, ba ta tafi lise ba saboda halin gida. Ta shiga koyarwa ta ƙofar kwantiragi, ba ta bi ta makarantar horon malamai ba irin ENI Kaocen ta nan Tawa, ɗan horon gaggawa kawai anka yi musu anka ba su alli anka ce ga aji. Wanga tsari tun ƙarshen shekarun 1990 ya faro da masu sa kai, daga baya sunka koma ƴan kwantiragi, har ta kai mafi yawan malaman firamare na Nijar su ne, da kuɗin wata da bai kai jaka 100 ba kuma sai ya ga dama ya zo. Wanda bai zauna cikin malamai ba ba zai gane yadda bambancin mai matirikil, wato cikakken ma'aikacin gwamnati, da ɗan kwantiragi yake shiga jikin mutum ba, ba a faɗi da baki amma kowa ya san wa ke magana farko a taro, wa ke zama kan kujera wa ke zama kan benci. Sai kuma ga jarrabawar watan Yuli 2017 da gwamnati ta yi ma ƴan kwantiragi a Faransanci da lissafi, ƙungiyoyin malamai sunka ce a ƙaurace, wasu sunka shiga wasu sunka ƙi, sakamako ya fito mafi yawa ba su samu matsakaicin maki ba, anka soke kwantiragin wasu anka tura wasu horo. Ita ta shiga kuma ta ci. Amma cin bai wanke ta ba a zuciyarta, don abin da ake faɗi a fada da kasuwa lokacin shi ne ƴan kwantiragi ko sunansu ba su iya rubutawa, ba wanda ke tsayawa tambayar wa ya ci wa ya faɗi. Daga baya ta samu matirikil, ta ci CEAP, jarrabawar ƙwarewa ta farko a aikin koyarwa, takardu sunka canza, ita kam a ranta tana nan ƴar kwantiragi mai BEPC.

Ajinta kuwa in ka shiga ka san malama ce. Yara na karatu, kaye a gyare, ba ta duka.

Farkon da anka yi mata tayin zama darakta ta ƙi, ta ce tana goyo. Anka bar ta. Na biyu ba tayi ba ne, daraktan anka canza mishi wuri tsakiyar shekara, takarda guda ta zo daga ofishin sufeto da sunanta, shi ke nan. Haka ake zama darakta a wajenmu mafi yawan lokaci, jiya kana abokin aiki yau kai ne shugaba, ba wanda ya zaunar da kai ya nuna maka yadda ake riƙe rajistar ɗalibai ko rubuta rahoton buɗe shekara ko lissafin kuɗin kwamiti, balle yadda za ka ce ma wanda ya haife ka ya makara. Lakwal ɗin aji shida ce daga CI, ajin farko, zuwa CM2, ajin fita, uku na siminti uku na zana, ita kuma ba a sauke mata aji ba, tana koyarwa tana shugabanci. Cikin malamanta akwai wani dattijo da ya kusa ritaya, ya yi makarantar horon malamai tun zamanin da, Faransancinshi in yana yi sai ka tsaya saurare, shi ke riƙe da CM2, kuma kowa a garin har shi kanshi ya ɗauka kujerar tashi ce.

Yadda raina kan nata ya fito cikin aiki shi ne abin da nike so a lura da shi, don mutane na ɗauka abu ne na cikin zuciya kawai wanda bai shafi kowa ba. Ya shafi kowa. Rahoton da ya kamata ta kai cikin mako sai ta rubuta ta yage ta sake, har lokaci ya wuce, tsoronta kar a ga kuskure ɗaya a yi dariya a ofis. Taron daraktoci tana can baya, ta rubuta tambaya a takarda ta naɗe ta koma da ita gida. Aikin da ya kamata ta raba ita ke yi duka, har shara, don ba ta iya buɗe baki ta sa wani. Malamai kuma mutane ne, sunka ga ba a magana, ranar kasuwa wani sai ƙarfe tara ya iso, wani Juma'a ba a ganin shi sam, yara na zaune suna jefe-jefe.

Na je ziyarar aiki, na karɓi kayen shirin darasi na malamai, wanda darakta ke dubawa ya sa hannu kafin a shiga aji. A na dattijon nan akwai darasin raba lamba mai waƙafi, misalin da ya shirya amsar ba daidai ba ce, waƙafin ya zauna inda bai kamata ba, kuma a kanshi ya gina sauran misalan, ga sa hannunta a ƙasa da biro ja. Da yara sunka tashi na kira ta gefe na nuna mata, ina zaton za ta ce ba ta lura ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba kwanseye, wallahi na gani, tun daren jiya na gani, har na sake lissafin sau uku." Na ce to ɗiyata mi ya hana ki magana? Ta ce, "Ni wa? Mutumin da yake koyarwa tun ban shiga CI ba, in ce mishi ya yi kure? Na ce ƙila ni ce ban gane ba."

Wannan amsar ta tsaya mini a rai har yau. Ta gani, ta tabbatar, amma ta fi yarda da cewa ita ce ba ta gane ba, kuma yara ajin fita sunka kwashi lissafin banza a kayensu saboda haka.

Ban ce mata ki yarda da kanki ba, wannan maganar an sha gaya mata, mijinta ma ya faɗa, ba ta tsinana komi ba, don wanda ke raina kanshi in ka yabe shi gani yake kana lallashi ne. Abin da munka yi, munka zauna da takarda na ce ta faɗo duk abin da ke sa gabanta faɗuwa, komi ƙanƙantarshi, sannan mu duba ɗaya ɗaya mu ga wane iri ne. Sai ga shi ba abu guda ba ne. Akwai wanda da gaske ba ta iya ba, kuma ban ɓoye mata ba: wasiƙar ofis da Faransanci, littafin shiga da fitar kuɗi, dokokin aiki. Wannan ai koyo ne, ba hali ba ne. Akwai wata tsohuwar darakta a babban garin da na haɗa su, ta ba ta jakar tsofaffin rahotanni da wasiƙu ta kwafa, ta nemo dokar ilimi ta 1998 da ake ce ma LOSEN ta zauna ta karanta da ƙamus a gefe, duk wasiƙar da za ta aika sai ta fara tura ma Hajiyar hoto ta WhatsApp ta gyara, kafin shekara ta ƙare gyaran ya koma kalma ɗaya biyu. Akwai kuma wanda ba nata ba ne sam amma ta ɗora ma kanta, kamar ajin zana da jinkirin kuɗin ƴan kwantiragi, duk malamin da ya tafi gari neman kuɗinshi ya kwana uku sai ta ga gazawarta ce. Wanda ya rage, kuma shi ya fi yawa, abubuwan da ta iya sarai, ta ma fi wasu, tsoro kawai ya rufe su.

Maganar dattijon ba ta kira shi ofis ba, da ma ofis ɗin kusurwar aji ce da kabad. Ta je gidanshi bayan la'asar, ta gaida iyalinshi, ta zauna ƙasa kan tabarma, ta ce Mushe kai uba ne a gare mu, na zo ne ka duba mini wani lissafi da ya ɗaure mini kai. Ya duba ya yi shiru, washegari ya gyara a allo gaban yara. Ta kuma roƙe shi ya riƙa yi ma ƙananan malamai darasin gwaji na Faransanci in an yi taron malamai, don ya iya kuma suna buƙata. Wasu za su ce wannan ma ai tsoro ne, ya kamata ta nuna ita ce shugaba. Ni ban gani haka ba, a garin da ya koyar da rabin iyayen yara in ka kunyata shi ka rasa gari, kuma abin da ake nema shi ne lissafin yara ya gyaru, ya gyaru. Kar kuma a ɗauka sun zama uba da ɗiya daga ranar, a'a, ya ci gaba da ce mata "yarinya" a bayan ido har ya yi ritaya.

Inda abin ya fara juyawa da gaske wajen karatun yara ne. A taron CAPED, inda malaman lakwal-lakwal na kusa ke haɗuwa su yi ma juna darasi, an sha maganar gwada yara ɗaya bayan ɗaya, ita ta ɗauka ta yi. Takarda guda, sama haruffa, ƙasa gaɓoɓi, sai kalmomi, sai ɗan labari layi huɗu. Ta sa benci ƙarƙashin bedi, yaro ya zo ya zauna kusa da ita ba bulala ba tsawa, ya karanta har inda ya tsaya ta sa alama, wani yaro ɗan CM1 ya kai yatsa kan harafi ya ɗaga kai yana kallon bakinta ko za ta fara mishi, don shi abin da ya saba malam ya faɗa aji ya maimaita. Da ta gama ta ga yara da yawa na manyan azuzuwa ba su wuce gaɓoɓi ba. Ta zo mini da takardun hannunta na rawa, ta ce in ta faɗi wannan a gari cewa za a yi tunda anka ba mace lakwal ta lalace, alhali yaran sun shekara huɗu biyat a hannun wasu kafin ta hau.

Ta faɗa ɗin, a babban taron kwamitin lakwal. Wanga kwamiti da har yanzu muke ce ma kojes ko da an mayar da sunan CGDES, mu a Tawa mun san shi tun farko, don nan ne aikin "lakwal don kowa" na Japanawa ya fara a 2004, da zaɓen ƴan kwamiti ta ƙuri'ar asiri da tsarin aiki da gari ke yi da kanshi, kafin a yaɗa shi ƙasa duka. To amma a wurare da yawa ya koma taron neman kuɗin kara da igiya kawai. Kuma a Adar ka san bayan girbi maza sun tafi bida, wasu Abijan wasu Libiya wasu Najeriya, masu zuwa taro tsofaffi ne da mata. Ba ta yi Faransanci ba ko kalma ɗaya, ba ta kira sunan ɗan kowa ba. Tsakuwa ta sa anka tsinto, kowace ɗaya yaro guda, ta yi tsibi huɗu gaban maigari, ta ce ranka shi daɗe waɗanga ko harafi ba su rabewa, waɗanga suna haɗa biyu, waɗanga kalma, waɗanga su ke karanta labari. Tsibin ƙarshe ko tafin hannu bai cika ba. Gani ya kori ji, wata tsohuwa cikin uwayen lakwal ta ce to Madan ɗiyanmu mi suke yi nan tun safe har rana? Tambaya mai zafi, da shekarar baya ce da kuka za ta yi. Ta ce Inna abin da na tara ku in gaya muku ke nan, ga kuma abin da nike so mu yi.

Anka yarda da karatun marece, ana raba yara bisa inda sunka tsaya ba bisa aji ba, samarin gari da sunka yi kwaleji suna taimakawa, uwaye kuma sunka ɗauki hana tallan marece ranakun karatu, wanda shi ne mafi wuya don tallan nan shi ke cefane a wasu gidaje. Anka kuma yarda a tara karan zana da wuri, tunda ajin zana sai an yi girbi ake samun kara, lakwal ta buɗe Oktoba amma rabin yara sai Nuwamba su zauna. Da ta sake gwajin bayan wasu watanni ta sake zuba tsakuwa gaban mutane, tsibin farko ya ragu na ƙarshe ya ƙaru, ba wai abin ya zama daidai ba, amma kowa ya gani da idonshi, har ita. Ni a ganina wannan ya fi duk wani yabo yi mata magani, don ba za ta iya ce ma tsakuwa kuna lallashina ne ba.

Ranar da ta ba da umarni ta tsaya a kai kuwa sanadin gobara ce. 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 sunka rasu, mafi yawa ƙanana. Tun lokacin ta ga ƴan CI da CP ɗinta, wato aji ɗaya da aji biyu, su ne ke cikin zana, manya na cikin siminti, tsarin da ta tarar ke nan don ajin fita shi ake ba ɗaki mai kyau. Ta so ta canza ta kasa, don ɗakin dattijon ne. Sai 8 ga Nuwamba na shekarar irin haka ta sake faruwa a Maraɗi, yara sama da 20. Cikin makon ta tara malamai ta ce daga Litinin ƙanana su koma siminti manya su fito zana, a raba runfunan nesa da juna, kowace a buɗe mata ƙofa biyu, masu suyar ƙosai su matsa can bakin hanya. Dattijon ya ce shi da shekarunshi ba ya komawa cikin kara, iska na kwashe mishi takardu. Ta ce Mushe ka yi haƙuri, ɗan CM2 in wuta ta tashi ya san ya gudu, ɗan shekara shida ƙarƙashin tebur zai shige, wannan karon ba shawara na kawo ba. Ta gaya mini daga baya ƙafafunta rawa suke yi cikin zane lokacin da take faɗi. Ya yi fushi, ya kai ƙara wajen maigari, maigari ya ce Madan ta yi daidai.

Akwai masu cewa wannan raina kai halin mata ne. Ban yarda ba. Na ga daraktoci maza da yawa masu irin ciwon, su da tsawa suke rufe shi, ba su bari a duba aikinsu, ba su tambaya, kuma ɓarnarsu ta fi yawa. Abin da ya bambanta, mace in ta yi kure ana ɗora shi kan mata duka, ita kuma ta san haka, shi ya sa kowane sa hannu yake yi mata nauyi. Ga shi muna cewa muna son ƴan mata su zauna lakwal, har doka anka yi ranar 5 ga Disamba 2017 don kare karatun ɗiya mace, amma yarinyar ƙauye in ba ta taɓa ganin mace na riƙe da lakwal ba mi za ta hango? A garin nan uwaye sun fi sakin jiki su zo su gaya mata an fara maganar auren wance, ta je gidan da shugabar uwayen lakwal, wani lokaci a dace wani lokaci a'a.

Bayan ta ci CAP, jarrabawar ƙwarewa da ke gaba da CEAP, ta cika sharuɗɗa na matsa mata ta yi gasar shiga ENS ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda ake horar da kwanseye da sufeto. Ta faɗi karon farko, kuma duk abin nan ya dawo sabo, ta ce da ma na faɗa maka Baba, mai BEPC ina ita ina ENS. Wata biyu ba ta son a tada maganar. Na bar ta, sai na ce ta gaya mini wace takarda ce ta kayar da ita, ta ce dogon rubutu kan ilimin koyarwa, ra'ayi na nan amma tsara shi ne ba ta saba ba. To shi ma abin koyo ne, duk mako batu guda tana rubutawa, wani malamin lise yana gyara mata. Karo na biyu ta ci. Tafiyar ma ba sauƙi, sama da kilomita 500 ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, yara wajen uwar miji, dangin miji na cewa mace da aurenta mi take nema a Yamai, mijin dai ya tsaya mata, Allah shi saka mishi. A can ma watannin farko baya take zama, cikin masu digiri, sai ranar da anka zo maganar gwada karatun yara ta ga abin da suke karantawa a takarda ita ta yi shi da hannunta ƙarƙashin bedi, ta ɗaga hannu.

Yanzu kwanseye ce a wani sashe, kuma ta ce har gobe in za ta yi magana gaban manya sai ta ji cikinta ya juya, illa dai ba ta naɗe tambaya ta koma da ita gida. Lakwal ɗin wata ƙaramar malama anka ba, ita ma da farko cewa ta yi ba ta iyawa, Madan ta zauna da ita lokacin hutu sunka bi rajista da littafin kuɗi da takardar gwajin karatu shafi shafi kafin ta tafi, abin da ita ba wanda ya yi mata. An samu ginin aji ɗaya, biyu har yanzu zana ne, takardar neman ginin sauran na ofishin magajin gari, sabuwar daraktar ce ke bin ta.